Ranar da Umma Ta Hana Gwaggo Ragowar Magani

Wallahi har yau ina jin ƙanshin maganin nan, kamar ayaba! Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, a gindin randa Umma ke ajiye shi a gidanmu na Koki. Ciwon kunnena ya lafa ke nan, sai ga Gwaggo, yayar Baba, wadda ba a yi wa musu.

"Tunda ya warke, miƙo ragowar in ba jikana."

Umma, sarkin kunya, ta durƙusa. "Yaya, yi haƙuri. Likita ya ce sai ya shanye, kada ciwon ya dawo. Bari in ɗauko mayafi mu kai jikan naki asibiti."

Gwaggo ta yi ta faɗa, amma ta bi ta. Kai, uwata jaruma ce! Ku fa, wa ya taɓa yin haka a gidanku?