Takardar Ƙarfe Goma

Ku matso, ku duka huɗun. Babba, ajiye wayar nan. Ke kuma Auta, jaririn ya yi barci, bar shi ki zo ki zauna. Labari zan ba ku, kada wanda ya katse ni.

Wani ofis ne mai hawa uku, ma'aikata sittin, firinta ɗaya. Kowa daga kujerarsa yake tura mata aiki ta layin ofis, ita kuwa ta yi abin da ta ga dama. Mai son kwafi biyu ya samu ashirin. Mai son baƙi da fari ya samu kala. Ranar da ta buga wasiƙar manaja a takarda mai faɗin tabarma, ranar aka kafa kwamiti.

Aikin kwamitin shi ne ya rubuta ƙa'ida, yadda duk aikin da aka tura zai zo da bayaninsa a gurbi-gurbi: kwafi nawa, girman takarda, kala ko baƙi, gaba da baya ko fuska ɗaya, da kuma gaggawarsa. Aka ba wani dattijo shugabanci, mutumin da ko takalmi ya sa a juye sai ya ce haka ake yayi. Kujerar nan ta shiga ransa ƙwarai. Kwamfutar da ofis ya ba shi, wadda ko daga ina tana hawa layin ofis, ba ya ɗauko ta daga gida, wai tana sa masa ciwon kafaɗa. Da biro yake rubuta daftari, Sakatariya ta buga, ya tafi da shi gida ya yi ta karantawa da ƙarfi yana jin daɗin muryarsa.

Washegarin daftari na farko, ƙarfe goma daidai, firinta ta fitar da takarda guda, babu sunan kowa. An rubuta: "Kun ce kowa ya zaɓi gaggawar aikinsa daga ɗaya zuwa biyar. Wa zai ce nasa ba na gaggawa ba ne?"

Injiniyan ofis ya duba. Mutum sittin, dukansu lamba biyar suka zaɓa, har da wanda ya buga hoton kyanwarsa. Aka gyara.

Bayan daftari na biyu wata ta fito: "Sashe na huɗu ya ce gaba da baya dole ne. In shafi ɗaya ne, me za a buga a bayan? Hotonku?" Aka gyara wannan ma. Ta uku tambaya ce kawai, wai in mutum ya bar gurbin kwafi ba komai, nawa za ta buga. Shugaba ya ce ko yaro ya san ɗaya ce. Injiniya ya gwada, firinta ta yi ta aman takarda har ta cinye ƙunshi guda.

Daga nan mutane suka fara taruwa gaban firinta ƙarfe goma saura, kowa da kofin shayinsa. Shugaba ya zargi Injiniya, Injiniya ya rantse. Ya zargi Sakatariya, ta ce da tana da wannan kan, da ba ta kai shekara goma sha biyu tana gyara masa rubutu ba. Sai ya ƙara gurbi, ya ce duk aikin da ba shi da sunan mai turawa, kada a buga.

Da safe takarda ta fito. A gurbin suna an sa "Wanda ya fi ka." A ƙasa kuma aka ce gurbin da kowa zai cika da abin da ya so, ado ne kawai.

Dariyar da aka yi ranar har hawa na uku an ji ta. Shugaba ya buga tebur a gaban manaja da kwamiti duka.

"Matsoraci ne. In ya isa ya bayyana, ni kuma na sauka na ba shi kujerar."

Manaja ya ce Sakatariya ta rubuta, ta rubuta, Shugaba ya sa hannu. A ransa ya tabbata mai ɓuya ba zai fito ba. Ya kuma shirya tarko a daftari na bakwai, cewa daga yanzu firinta da kanta za ta rubuta a ƙasan kowace takarda daga wace kwamfuta aka turo aikin. Ya ce kada kowa ya ji sai su uku, shi da Injiniya da Sakatariya. Ranar ya koma gida yana fito, ya karanta sashen nan sau uku, har da tsayawa ya yaba wa kansa.

Ƙarfe goma mutum sittin suka cika ɗakin, wasu a kan matakala. Shugaba ya tsaya a gaba, hannuwansa a aljihu. Firinta ta yi ƙararta ta turo takarda. Injiniya ya ɗauka ya karanta: "Daftari na bakwai ba laifi. Na karɓi kujerar."

Sai ya duba ƙasa, ya dubi Shugaba, ya sake duba ƙasa. Kwamfutar Shugaba ce.

Wani ya ce ashe shi ne yake gyara kansa. Sakatariya ta ce ina, ga shi nan a tsaye, hannunsa bai bar aljihu ba. Ta tambayi Shugaba da ladabi wa ke gidansa a wannan lokacin. Shugaba ya nemi wurin zama.

To, ga abin da na tara ku a kai. Yau kwana biyar ubanku, Shugaban nan, bai ci abincina ba, kwamiti kuma yana jirana ranar Litinin, don haka ku shiga ɗakinsa ku raba mana gardamar nan, ku kuma karɓo mini makullin ofis.