Wayar Da Ta Tsallake Katanga

Wa ya aike ku tambayar abin da ya sami hannun Dabo tela? Yara ba kunya, ku tasa babban mutum gaba kuna ƙirga masa yatsu. To tunda kunnenku ƙaiƙayi yake yi, ku buɗe shi, sau ɗaya zan faɗa.

Shekara biyu da ƙaddamar da shari'a, aka kawo wa Badaru mahauci takardar kuɗin wuta da ta hana shi cin tuwo. Gidansa ba mita, ƙiyasi ake yi a rubuto, amma wa ya isa ya gaya wa Badaru ya ji? Ya rantse sai ya karya kuɗin nan.

Ya bi gida ɗaki ɗaki. Ƙwan lantarki tara, ya kwance bakwai. Ya sayar da dutsen guga ya sayo na gawayi. Firij ya koma ma'ajiyar tukwane. Ranar da ya kama matarsa Rahmatu da hita a bokiti, ya take hitar har ta baje, ya ce gobe hannu zai taka. Ɗakin tsohuwarsa ma, can ƙurya jikin katanga, ya datse wayarsa daga tushe, ya sauke fanka ya kulle a akwati. Ga bazara, kwanon rufi kamar tanda.

Tsohuwa ba ta roƙe shi ba. Ba ta taɓa roƙon wanda ta goya ba. Kwana goma tana shimfiɗa a tsakar gida tana fifita da faifai, daga nan ta koma ɗakinta ta turo ƙofa. Badaru ya ce ai ga shi ta saba.

Wata ya mutu, takarda ta zo, ba ta ragu ba. Wani watan ma haka. Shi kuwa kullum ya dawo daga kasuwa gidansa shiru kamar kushewa, sai ƙarar keken surfanin Dabo daga bayan katanga. Maƙwabcinsa ne, tare aka yi musu kaciya. Keken nan kuwa wuta yake sha, daga safe har magariba. Badaru ya fara jin ƙarar a cikin haƙoransa.

Wata Talata bayan azahar, tsohuwa ta tafi suna Baure, ya hau katanga zai shanya fata. Nan ya gan ta. Siririyar waya, baƙa, sabuwa ful, ta tsallake tsakanin gidansa da na Dabo, an bi ta an shafe da laka don kada a gani.

Bai tsaya bin ta ba. Mahauci in ya ga jijiya yanka yake yi. Ya diro, ya zari wuƙar fawa, ya zaga ta waje.

Dabo na zaure yana aikin wuyan wata babbar riga. Ko sallama Badaru bai yi ba.

"Wayar nan ta kan katanga, kai ka ja ta?"

Dabo ya tsayar da keke. "Ni na ja ta. Zauna, Sarkin Fawa, ka bari Inna ta dawo tukuna."

"Ɓarawo, kada ka sa tsohuwata cikin ƙazantarka. Ina kwana cikin duhu kana surfani da gumina?"

Ya hankaɗa keken ya kife. Dabo ya miƙe, Badaru ya buga masa kujera a baki, haƙori biyu suka faɗo kan rigar mutane. Da ya ga wuƙa ta taso, Dabo ya tare da hannun dama. Wuƙar da ke raba ƙashin bijimi ba ta san yatsan tela ba. Uku suka tafi lokaci ɗaya. Jini ya wanke zare da almakashi, ya gangara har bakin ƙofa. Sai da maza huɗu suka danne Badaru, wani ya doke masa wuyan hannu da sanda, sannan ya saki wuƙar. Fuskarsa a ƙasa yana cewa, "Hannun ɓarawo dama na yankewa ne, na rage wa alƙali aiki."

Alƙali bai gode masa ba. Da Dabo ya fito daga asibiti aka zauna, alƙali ya ce wa Badaru ba wanda ya naɗa shi, kuma yanzu yatsunsa uku suna bakin Dabo: in ya so ƙisasi, in ya so diyya, in ya so ya yafe. Badaru ya dubi hannun da yake fawa da shi. Duk da haka bai sunkuyar da kai ba, ya ce ko a lahira zai faɗa, wutarsa aka sata.

 Bakinsa a kumbure Dabo ya ce, "Allah gafarta Malam, yatsunsa ba za su yi mini ɗinki ba. Abu ɗaya nake so. A bi wayar nan daga farkonta zuwa ƙarshenta, shi a gaba."

Aka fito da ɗan aiken kotu da mai gyaran wuta, rabin unguwa na biye. Badaru na gaba yana ɓanɓare laka da hannunsa, har sauri yake yi. Waya ta sauka cikin gidansa. Ba ta nufi inda wutarsa ke shigowa ba, ta yi kwana ta bi ƙasan taga, ta shige ɗakin ƙurya.

Ya tura ƙofa. Tsohuwarsa na zaune kan tabarma, gabanta 'yar fankar da Dabo ya saya da kuɗinsa, ya jawo mata wuta daga nasa gidan, bayan ta sa shi rantsuwa ba zai kunyata ɗanta da maganar ba. Ku daina kallona haka, ku tashi ku je ku kwanta.