Ba Tautau Ba Ne

Tun da Munzali, ladanin unguwarmu a Randagi, ya shigo zaure bayan la'asar, Huraira ba ta sauke mayafi daga bakinta ba. Gogan naku kuwa sai murza hula yake yi.

"Kawu zai zo neman aurenki," ya ce.

"Kada ya zo, Malam." Ta janye mayafin, ƙuraje sun jeru a leɓenta. "Ba fitsarin tautau ba ne. A asibiti sun ce cutar ba ta barin jiki. Magani kwantar da ita kawai yake yi, ta sake dawowa. Kuma ana ɗauka."

Ta jira ya nemi takalmansa ya tafi. Sai ya karɓi kwalin maganin da ke hannunta yana jujjuyawa.

"Sau nawa ake sha?"

"Biyar a rana. Ga ni da mantuwa."

"Biyar? Ashe aikina ne. In kin ji na kira salla, ki ɗebo ruwan alwala da na shan magani."

Dariya ta ƙwace mata, ta dafe leɓe.

"Wayyo, zafi! To, Kawun yaushe zai zo?"