Littattafan Alhaji Sanusi

"Duk ka karance su?" Alhaji Sanusi ya tambaya, yana gyara hula don ɗan jarida ya ɗauke shi hoto da kyau.

"Har da maimaici, ranka ya daɗe," in ji Uwaisu.

Bara waccan Alhaji ya kai kyautar tsofaffin littattafan hikaya gidan yari. Ya yi alkawari a rediyo cewa duk fursunan da ya karanta ya shiryu, aiki na jiransa a masaƙarsa ta Bompai. Shi kansa bai taɓa buɗe ko ɗaya ba, bangonsu ne ya burge shi. Uwaisu, tsohon ɓarawon atamfa da aka sako, shi ya fara zuwa neman aikin.

"To, faɗa wa duniya abin da ka koya."

"Na bar sata har abada, Alhaji. Na kuma lura a kowane labari azzalumi yana sheƙe ayarsa ne har ranar da talakawa suka haɗa kai. Ɗazu ma da zan shigo na ga masu rini ba safar hannu, fatarsu duk ta saɓule. Na ɗan yi musu magana."

Alhaji ya riƙe murmushinsa har aka gama hoto. Ɗan jarida na fita, ya sa maigadi ya raka Uwaisu bakin titi, sannan ya kira manaja.

"Ɓarawo turmi ɗaya yake ɗauka ya ƙara gaba. Wannan kuwa ma'aikatan zai kwashe min kaf. Gobe ka je ka kwaso littattafan nan."

Manaja ya sosa ƙeya. "Gurbin aikin fa, Alhaji?"

"A nemo min ɓarawon da bai shiryu ba."