Na Zaɓi Babban

"Baba, ina aikina?"

'Yata ta tsaya gaban kwamfutar gidanmu. Binciken kammala karatunta, wahalar wata takwas, ya ɓace. Jibi za ta miƙa shi.

Ni na sayo sabon faifan ajiya, SSD, don kwamfutar ta daina nawa. Ni na ɗaura shi kusa da tsohon, na hana kowa sa mini hannu.

Na sunkuci kwamfutar sai shagon mai gyaran da ya sayar mini da faifan, 'yata na biye da ni. Na daki teburinsa har sukurori suka watse.

"Macuci! Jabu ka sayar mini, ya cinye aikin yarinya!"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Malam, da kwamfutar ta ce ka nuna sabon faifan ta goge shi ta shirya, wanne ka zaɓa?"

"Babban mana! Sabo ai shi ne babba!"

"Sabon shi ne ƙaramin. Babban tsohonku ne, shi ka goge."

Na juya. 'Yata ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa tana tsince sukurorin da na watsar, ɗaya bayan ɗaya, tana ba mutumin haƙuri.