Ranar da Na Amsa Daidai

Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin. Baba na da shagon gyaran rediyo a unguwar Alabar, idonsa kuma ya fara rauni. Ya riga ya faɗa a gida cewa ɗayanmu, ni ko yayana Salisu, zai bar makaranta ya riƙe shago. Bai dai ce wane ba.

Wata la'asar ya buɗe bayan wata tsohuwar rediyo, warin dalma ya cika shagon. Ya ɗora bakin sukundireba a kan wani dunƙulen ƙarfe.

"Salisu, mene ne aikin wannan?"

"Ban sani ba, Baba."

Ni kuwa bakina ba ya rufuwa. "Taransifoma ce! Ita ke rage ƙarfin wuta, kar ta ƙone rediyon."

"Waɗannan ƙanana huɗun fa?"

"Dayod. Wutar kai da komo take yi, su ke tilasta mata bin hanya ɗaya."

"Mai kama da gwangwanin nan?"

"Kwandensa. Tara wuta take yi tana cike giɓi, don kar rediyo ta yi gurnani."

Baba ya yi dariya. "Ei, ja'irin yaro!" Ya miƙo mini sukundireban. Na karɓa ina washe baki, ina jiran Salisu ya ji kunya.

Yau gemuna ya yi fari, har yanzu ina kan bencin Baba a shagon nan, caja da talabijin nake buɗewa. Salisu malamin asibiti ne a Accra. Ban taɓa yi masa maganar ba. Amma duk abin da na faɗa ran nan, shi ya zaunar da ni ya koya mini, sati guda kafin Baba ya tambaya.