Kunnen Mujallar Tsatsa

Clive Ackroyd na tsaye a bakin ƙofar ɗakin saman wata mashaya, yana haɗa takardu da sitefula. Bikin cikar mujallar Tsatsa shekara arba'in ne, an kuma sa shi da la'asar, don gwiwoyin tsofaffin masu kiɗan pank na birnin Bradford sun daina ɗaukar rawar dare.

Ya fara ta ne da almakashi da gam da injin fotokwafin wata makaranta. Rubutun a karkace, hotunan baƙi ƙirin, masu karatu ba su taɓa cika motar bas biyu ba. Duk da haka makaɗa na tsoron alƙalaminsa. In ana wasan kiɗa, ƙirjinsa yake mannawa a jikin sifika har a tashi. Waya kuwa ba ya ɗauka, wai kayan 'yan jari-hujja ce. In zai yi hira da kai sai ya tsare bakinka da ido har ka manta ƙaryar da ka shirya. Sai an maimaita masa magana, amma a harkar nan wane tsoho ne ba a maimaita wa?

Wanda ya fi shan wuya a hannunsa Nobby ne, mawaƙin da Clive ya taɓa rubuta cewa kiɗansa kamar ana jan firji a kan matakala.

Ranar nan Nobby ya hau dandali shi kaɗai, gemu ya rufe masa baki, da jita ta katako ba wayar lantarki.

"Wannan waƙar ta mahaifiyata ce, ta rasu a bazara," in ji shi. "Kai kuma tsohon banza, yau a gaban kowa za ka faɗi ra'ayinka."

Clive ya ga kawuna sun juyo kansa. Da Nobby ya fara waƙar, Clive ya matsa ya jingina da sifika kamar kullum. Babu abin da ya girgiza. Ya taka katakon ƙasa da kyau, shiru. Zufa ta karyo masa a ƙarƙashin tsohuwar rigar fatar da ta daina rufe tumbinsa. Can ya hango wani mai ganga, ƙaton da ya taɓa fasa kujera da ka, yana share hawaye.

Nobby ya sauke jita. Ɗakin ya zuba ido.

Clive ya nemi matarsa Bev da ido. Tana zaune kusa da tiren sanwic, yatsunta na motsi da sauri a kan cinyarta.

Ya gyara murya. "Nobby, ka ba mu kunya," ya ce. "Wannan waƙa ce ta gaske. Ba ta da wuri a mujallata."

Ɗakin ya kece da dariya da tafi. Nobby ya sauko ya rungume shi yana kuka, yana cewa a duk ƙasar nan ba mai kunne irin nasa.

Da suka fito, Clive ya tsayar da Bev a kan matakala, ya tambaye ta da hannu ko waƙar ta yi daɗi da gaske. Ta amsa masa da yatsu cewa ta fi duk tarkacen da ya yaba a shekara arba'in. Ya gyaɗa kai, ya yarda da ita kamar kullum, don tun yana ɗan shekara shida ƙyanda ta tafi da jinsa, bai taɓa jin waƙar pank ko ɗaya ba.